Makonni shida na farko a cikin mahaifar dabba

A ƙauyukan Rano da Kibiya da wuya ka shiga gidan da babu akuya ko tunkiya a turke, kuma galibi ta uwargida ce, ita ce asusunta. Kowa ya san akuya wata biyar take yi ta haihu, saniya kuwa wata tara da 'yan kwanaki. Abin da ke faruwa tsakanin ranar barbara da ranar haihuwa shi ne ba a cika tambaya ba, alhali fanni ne mai zaman kansa da ake koyar da ɗaliban likitancin dabbobi a jami'o'i irin su Ahmadu Bello ta Zariya da Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, tun kafin a bar su su taɓa allura.

Fannin ba tsoho ba ne can. Sai a 1827 wani masani, Karl Ernst von Baer, ya fara ganin ƙwan dabba mai shayarwa, a jikin karya, don ƙanƙantarsa ta kai ido ba ya kama shi sosai. Idan maniyyi ya sadu da wannan ƙwai, sai ya rabu biyu, biyun su koma huɗu, a haka har ya gangaro mahaifa, abin da a saniya kan ɗauki kwana huɗu zuwa biyar. A saniya, wajen kwana na 16 tayin yake sakin wani sinadari da ke sanar da jikin uwar cewa akwai baƙo. Idan saƙon ya makara, jikinta zai yi kamar ba a yi komai ba, ta sake neman sa bayan mako uku. Makiyayi sai ya ce ba ta ɗauka ba. Sau da yawa ta ɗauka, cikin ne ya lalace ba wanda ya gani.

Wajen mako na uku zuciya ta fara bugawa, kafin kwana 42 kuwa an gama zana gaɓoɓi. Sauran watannin girma ne kawai. Wato aikin da ya fi hatsari ana yin sa ne lokacin da mai dabbar bai ma san da ciki ba. Nan ne nake jin tsoron maganin tsutsar ciki da ake saye a kasuwa a ɗura wa garke duka. Albendazole, wanda ya cika kasuwanninmu, an hana ba da shi ga tunkiya a kwana 30 na farkon ciki, saniya kuwa kwana 45, domin yana iya nakasa tayi. Wa yake karanta jikin kwalba?

A jihar Idaho ta Amurka, a shekarun 1950, tumaki sun yi ta haifar 'ya'ya masu ido ɗaya a tsakiyar goshi. Da a wajenmu ne, da an ce iska ce ko sammu. Bincike ya gano wata ciyawa ce da uwar ke ci daidai kwana na 14 da ɗaukar ciki.

Ga kuma batun tagwayen saniya. Idan ta haifi mace da namiji tare, fiye da tara cikin goma na irin waɗannan maraƙa mata juya suke zama. Dalili shi ne jijiyoyin jinin mabiyiyarsu suna haɗewa tun farkon ciki, sinadaran namijin su ratsa su hana mahaifar macen kammaluwa. Frank Lillie ya bayyana wannan a 1916, bayan ya duba mahaifun shanu da aka yanka a mayankar Chicago. Wanda ya san haka ba zai ɓata shekara uku yana ciyar da karsana yana jiran ɗa ba. Zai yi kiwonta don nama. A awaki da tumaki, inda tagwaye suka zama ruwan dare, abin ba kasafai yake faruwa ba.

Ɗalibanmu ma kwata suke zuwa neman tayin da za su auna daga tsakar kai zuwa gindin wutsiya su ƙiyasta kwanakinsa, kuma ba sa rasawa, saboda yawan dabbobi masu ciki da ake yankawa, musamman da bazara in abinci ya yi wuya kuɗi ya yanke. Na'urar hoton ciki tana nuna tayin akuya tun yana wata guda, kafin uwargida ta aika da ita kasuwa.