Huɗu a Baya, Biyu a Gaba

Duk wanda ya taɓa shiga ƙaramar motar haya daga Kano zuwa Katsina, ko daga Zariya zuwa Funtuwa, ya san yadda ake lodi. Kujerar baya da maƙeran mota suka yi wa mutum uku, mutum huɗu ake jerawa. Gidan gaba na mutum ɗaya ne, amma biyu ake dannawa, na ciki cinyarsa tana gogar giya duk lokacin da direba ya canza ta. Ɗan kamasho kuwa yana tsaye yana auna fasinjoji da ido tun daga nesa. In ya hango mai jiki ya doso motar, kafin ya ƙaraso ya tare shi: "Alhaji, gaba za ka kama? Kuɗin mutum biyu ne fa." In mace ce: "Hajiya, ki biya kujera biyu ki huta, tafiyar da nisa." Wani ya biya ba musu. Wani ya ce ai shi mutum ɗaya ne, kuma kuɗin mutum ɗaya zai bayar. Sai a tura shi baya, a nemo siraran samari uku a haɗa shi da su, a yi ta "a ɗan matsa, a gyara zama" har ƙofa ta rufu da kyar.

Irin wannan rigima ce kamfanonin jiragen sama na Amurka da Kanada da Turai suka shafe shekaru suna yi da fasinjojinsu, sai dai su da lauyoyi da kotuna ake yin tasu. A 2009 kamfanin United na Amurka ya ce a shekarar da ta gabata ya samu ƙorafi sama da 700 daga fasinjojin da maƙwabcinsu mai ƙiba ya cinye musu wurin zama. Saboda haka ya kafa ƙa'ida: wanda ba zai iya sauke abin ɗora hannu da ke tsakanin kujeru ba, ko bel bai kama shi ba ko da an ba shi ƙari guda, in ba a samu kujera biyu a jere da babu kowa ba, sai ya sayi ta biyu, ko ya jira wani jirgin. Yawancin manyan kamfanonin Amurka suna da ƙa'ida mai kama da wannan. Wannan ɗan ƙarfen da ake ɗora hannu a kai shi ne iyakar gonar kowa.

Shekara guda bayan haka aka ga yadda ƙa'idar ke zama tozarci. A watan Fabrairun 2010 ma'aikatan kamfanin jiragen sama na Southwest suka sauke Kevin Smith, sanannen daraktan finafinai, daga jirgin da zai tashi daga Oakland zuwa Burbank. Ya riga ya zauna, kowa yana kallo, aka ce ya tashi ya ɗauki jakarsa. Shi ya ce yana iya sauke abin ɗora hannun duka biyu. Da yake mai suna ne kuma yana da mabiya masu yawa a Twitter, ya yi ta kwarmato har kamfanin ya ba shi haƙuri. Wanda ba shi da suna sai dai ya sunkuyar da kai ya bi ta tsakiyar mutane ya fita.

Kafin in ce komai a kan kamfanonin, bari in ba maƙwabcin haƙƙinsa, domin masu kare mai ƙiba sukan manta da shi. Mutum ya biya kuɗin kujera cikakke, ya zauna awa biyar ko shida kafaɗarsa a karkace, rabin jikinsa ya leƙa hanyar da ake turo keken abinci. Bai yi laifin komai ba. In mace ce aka manna ta da namijin da ba ta sani ba tun daga tashi har sauka, abin ya wuce maganar jin daɗi. Wanda ya taɓa zama na huɗu a kujerar baya, ɗuwawu ɗaya a kan kujera ɗaya a iska, har ƙafarsa ta mutu kafin a kai Malumfashi, ba ya bukatar a yi masa bayani. Ƙorafinsa gaskiya ne. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce fasinjan da ke kusa da shi ne ya ci masa haƙƙi.

Wa ya ce mutum huɗu za su zauna inda aka yi wa uku? Direba da 'yan kamasho ne, domin kuɗin mutum shida ya fi na huɗu. Su suka matse wurin, sannan in fasinjoji sun fara harara da tsaki, direba ya kunna rediyo ya kama gabansa kamar ba ruwansa. A sama ma haka aka yi. Jirgin Boeing 777 ya fara ɗaukar fasinja a 1995 da kujeru tara a kowane layi na ɓangaren talakawa. Yau yawancin kamfanonin da ke amfani da shi goma suke jerawa, alhali jirgin bai ƙara faɗi ko da yatsa ɗaya ba. Kujerar da ta haura inci 18 ta koma wajen 17. Boeing 737, wanda ake yawan amfani da shi a gajerun tafiye-tafiye, ya gaji faɗinsa ne daga 707 na ƙarshen shekarun 1950, kujeru shida a layi, kowace wajen inci 17, wato santimita 43. Kowane tela zai gaya maka cewa kafaɗar namiji madaidaici takan kai haka ko ta wuce. Tazarar da ke tsakanin layi da layi ita ma ta ragu daga wajen inci 35 a shekarun 1970 zuwa 31 ko 30, a wasu kamfanoni masu araha har 28.

Mutane kuwa ƙaruwa suka yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da ƙiba mai yawa, sama da mutum biliyan ɗaya ke nan. A Amurka wajen kashi 40 cikin 100 na manya ne. Majalisar dokokin ƙasar ta umarci hukumar kula da sufurin jiragen sama, FAA, a 2018 da ta fitar da mafi ƙanƙantar girman kujerar da za a yarda da shi. A 2022 hukumar ta nemi jin ra'ayin jama'a, aka aiko mata da martani sama da 26,000, shekaru suka shuɗe ma'aunin bai fito ba. Ke nan kamfani shi ke yanka kujera yadda ya ga dama, shi ne kuma ke ce wa wanda bai shiga ba ya biya ninki. Hausawa dai sun ce kowa ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a nan wani daban ruwan yake duka.

Akwai masu cewa ai nauyi ne, nauyi kuma mai yake sha, kuma tunda ana cajin jakar da ta wuce kilo 23, me zai hana a caji mutum. A ƙananan jirage maganar tana da tushe. A watan Janairun 2003 wani ɗan ƙaramin jirgin Air Midwest ya faɗi jim kaɗan bayan tashinsa daga Charlotte, mutum 21 suka rasu, kuma masu bincike sun gano cewa ban da kuskuren gyara da aka yi masa, lodinsa ya wuce kima, saboda ana lissafin nauyin fasinja da tsohon ƙiyasi. A 2013 wani ƙaramin kamfani a tsibirin Samowa, Samoa Air, yana ɗora fasinja da kayansa a sikeli yana caji kan kowane kilo, domin jiragensa ba su wuce ɗaukar mutum tara ba. Amma babban 777 yana iya tashi da nauyin tan 350. Ƙarin kilo 40 a jikin mutum ɗaya bai taka kara ya karya ba. Shi ya sa ko da Air New Zealand ya auna fasinjoji a 2023, da Finnair a 2024, don a san matsakaicin nauyi ne kawai, ba a ƙara wa kowa ko sisi ba. Dogo mai kilo 120 da ya shige kujerarsa lafiya ba wanda ke ce masa kanzil. Faɗi ake faɗa a kai.

To me ya sa a tasha ake biyan kuɗin mutum biyu ba tare da an ji kunya ko an ji an yi zalunci ba? Na farko, kowa ya san ƙa'idar tun daga gida, kuma ana gama maganar a ƙasa, kafin a shiga mota. Ba a ɗora mutum ya zauna sannan a ce ya sauko. Sannan ba mai ƙiba kaɗai ke biya ba. Ɗan siririn ma'aikaci mai jakar kwamfuta yana kama gaba shi kaɗai, amarya da kayanta ma haka, don haka wanda ya biya kujera biyu ana yi masa kallon mai hali ne. Kuma abin da ka biya naka ne. In direba ya tsaya a hanya zai cusa maka wani a gaban da ka riga ka biya, duk motar za ta taya ka faɗa. A jirgi kuwa masu sayen kujera biyu sun sha kokawa cewa sun iso sun tarar an raba kujerun, ɗaya a gaba ɗaya a can baya, ko an zaunar da wani a ta biyun saboda jirgi ya cika.

Babban bambancin yana wajen tashi. Motar tasha ba ta motsawa sai ta cika. In ka hau wurin mutum biyu ka biya na ɗaya, direba ya yi asarar kuɗin fasinja guda a take, a hannunsa, shi da ke da balas da zai kai wa mai mota da yamma. Hujjarsa a fili take. Jirgi lokacinsa yake bi, ya cika ko bai cika ba. Ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta ce a 2024 kashi 83.5 cikin 100 na kujeru aka cika, kuma ba a taɓa kai haka a shekara guda ba kafin nan. Wato ko a shekarar da kasuwa ta ci haka, kusan kujera ɗaya cikin shida haka ta tashi ta sauka ba kowa a kai. Kujerar da za ta tafi fanko, in aka bar ta kusa da mai ƙiba, kamfani bai rasa komai ba, maƙwabcin ma ya shaƙi iska. Karɓar kuɗin tikiti cikakke a kanta cin bulus ne.

Southwest, duk da abin da ya faru da Kevin Smith, ya daɗe yana da tsarin da masu ƙiba suka fi yabawa a Amurka: ka sayi kujera ta biyu tun farko a mayar maka da kuɗinka bayan tafiya, ko ka nema a filin jirgi a ba ka kyauta. Daga 27 ga Janairun 2026 ya sauya. Yanzu sai ka saya tukuna, kuma ba a mayar da kuɗin sai in jirgin ya tashi da aƙalla kujera ɗaya ba kowa, ka kuma nemi kuɗinka cikin kwana 90. An ja da baya, amma ko a haka ya fi kamfanonin da ke riƙe kuɗin ko da rabin jirgin fanko ne.

Sauran tambayar ita ce ranar da jirgi ya cika maƙil, lokacin hutu ko bukukuwa, inda kujera ta biyun tana da mai saye. A nan Kanada ta yanke hukuncin da nake ganin ya fi kusa da daidai. Wata lauya daga Kalgari, Linda McKay-Panos, ta kai ƙara bayan wata tafiya da ta yi zuwa Otawa a 1997 a kujerar da ta matse ta har ta ji ciwo, ta kuma shafe fiye da shekara goma tana bin maganar tare da masu fafutukar haƙƙin naƙasassu. A watan Janairun 2008 hukumar sufuri ta ƙasar ta ce mutum ɗaya, kuɗin tikiti ɗaya: a tafiyar cikin gida, Air Canada da WestJet ba za su caji kujera ta biyu ba ga naƙasasshen da ke bukatar mai rakiya, ko wanda ƙibarsa ta kai matsayin naƙasa. Kamfanonin suka ɗaukaka ƙara, Kotun Ƙoli ta ƙi sauraronsu a watan Nuwamban shekarar. Hukumar ta ƙiyasta cewa in an raba kuɗin a kan dukan fasinjoji, bai kai dala ɗaya a kan kowane tikiti ba. Ni dai zan biya wannan da farin ciki in zai sa in zauna a cikakkiyar kujerata, maƙwabcina ma ya zauna a tasa ba tare da yana ba ni haƙuri duk bayan minti goma ba.

Tsarin Kanada yana da nasa ƙaiƙayin. Sai likita ya cike takarda ya tabbatar da halin da kake ciki, kamfani ya duba ya amince kwanaki kafin tafiya, abin da ba kowa ke son yi ba, ba kowa kuma ke da likita a kusa ba. Wanda ƙibarsa ba ta kai a kira ta naƙasa ba amma kujerar inci 17 ta yi masa kaɗan, hukuncin bai shafe shi ba. Kuma da zarar jirgin zai ƙetare iyakar ƙasar, ko da na Air Canada ne, ƙa'idar ta daina aiki, sai ya sake ciro kuɗin mutum biyu.