Tulun da Maharbi Ke Binnewa a Dawa

Duk wanda ya taɓa bin 'yan farauta da rani ya san ƙishirwa ce ke fara kayar da mutum tun kafin ya yi ido biyu da nama. A watannin Maris da Afrilu zafin ƙasar Kano kan haura digiri 40, ƙoramu sun ƙafe, ga karnuka su ma da nasu maƙogwaron. Litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce, mai jarka lita 25 a ka kuwa ba zai bi zomo a guje ba. Shi ya sa tsofaffin maharban yankinmu, daga Jama'a zuwa Getso da Kutama har ƙauyukan Kabo, ba sa shiga dawa da niyyar kwana sai sun riga sun kai ajiya.

Masu farautar gayya, waɗanda kan fita da kiɗa da kirari su dawo kafin magariba, ba ruwansu da wannan. Aikin maharbi ne mai kwanton ɓauna, wanda zai yi kwanaki yana bin sawun gada ko yana jiran zabin daji a bakin mashaya.

A wurin Baffana na ga yadda ake yi. Da an gama kai amfanin gona gida yakan ɗaura wa jaki mangala, mu kama hanya da asuba. Zaɓen wuri ya fi haƙar ramin cin lokaci. Ba ya son fadama saboda damshi, ba ya son kusa da burtali saboda kofaton shanu, in kuwa ya hango suri ko daga nesa ne sai ya ce, "Yaro, kora jakin gaba, nan garin gara ne." Tudu mai jigawa yake nema. Idan ya fara haƙa, ƙasar sama yakan kwashe ta daban a kan buhu, domin launinta ya bambanta da ta ciki, kuma ita za a mayar a ƙarshe don kada wurin ya tona kansa. Sai ya zuba toka a gindin ramin, ya zaunar da tulu, ya rufe bakinsa da tsingaro, ya liƙe da laka. Tulun ƙasa yana sanyaya ruwa, ba ya kuma sa masa warin roba irin na jarkar da ta sha rana. In an gama, ni ke karyo reshen sabara in share sawunmu muna ja da baya.

Abincin yana da nasa tulun. Garin gero da aka daka da citta da barkono da kanumfari, ƙuli-ƙuli, garin kwaki, tsamiya, gishiri, ɗan kanwa, da ashana a cikin gwangwani. Fura da gumba ba sa shiga rami, kwana kaɗan sun yi tsami. Nama kuwa ko na banda ne ba a binne shi, hancin dila ba ya kuskure; a reshen tsamiya ko marke ake rataye shi. Albarushin adakarsa ma bai taɓa barinsa a ƙasa ba, kullum yana cikin burgami a rataye a kafaɗarsa.

Na taɓa tambayarsa, "Baffa, ba kwa jin tsoron ku manta wurin?" Sai ya nuna mini wata kuka mai kogo, ya sa na jingina bayana da ita na fuskanci alƙibla, na ƙirga taku har kan ramin. Alamar da mutum ya kafa da hannunsa, in ji shi, wani ma zai gane ta. Wadda Allah ya dasa ita ake riƙewa a ka. Kogon kuka kansa ma'ajiya ce, wani har ruwan damina yakan riƙe, sai dai ba a cusa hannu ciki sai an zungura sanda, don zuma da maciji su ma sun san daɗinsa.

Abin da ya fi ɓata masa rai shi ne ƙunar daji. Samari su cinna wa ciyawa wuta don su kori gafiya guda, wutar ta lashe abin da aka rataye, ta ƙone abincin dabbobin makiyaya, ta kori namun da kowa ya zo nema. Ina tare da shi a kan wannan har gobe. Ɓarna ce, kuma maharbin kirki ba ya yin ta.

Sai dai duk wannan dabara a kan amana ta tsayu. Makiyayin da ƙishirwa ta kai shi ga tulun wani yakan sha daidai buƙata, ya mayar da murfi yadda ya same shi. Sau da yawa ma ba a haƙa rami, a rugar Fulani ake barin kayan, in an dawo a miƙa wa mai ruga cinya. Kowa ya san kowa, kuma Sarkin Baka ya san wanda ya shiga dawa da ranar da ake sa ran fitowarsa.

Yau gonaki sun cinye yawancin dajin da ke tsakanin Gwarzo da Kabo, noman rani ya kewaye madatsun ruwa irin su Pada da Guzuguzu. Mai son nama na gaske sai ya hau mota. Dajin Falgore gandu ne na gwamnati, an hana farauta a cikinsa. Dajin Rugu a Katsina ya zama maɓoyar 'yan bindiga. A 2021 gwamnatin Katsina ƙarƙashin Aminu Bello Masari ta hana sayar da fetur a jarka da ɗauko itace daga daji a mota, don a toshe hanyar kai musu kaya. Tun daga lokacin, wanda aka gani da buhun gari da jarka ya nufi dawa shi kaɗai, kafin ya buɗe baki an riga an yanke masa hukunci a zuci. Ban ga laifin mutanen ƙauye ba, sun ga abin da ya ishe su. Amma ina jin ciwon yadda ɗan halas ya koma abin zargi da kayan sana'ar kakanninsa.

Waɗanda suka nausa Kudu ma ba su tsira ba. A watan Maris na 2025 aka kashe mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo, suna kan hanyar dawowa Kano yin Sallah, bayan an ga bindigoginsu na gargajiya an ce masu satar mutane ne.

Maharban da na sani yanzu sun daina binne komai a ɓoye. Idan za su baƙon wuri, sukan tura mutum biyu gaba da takarda daga Sarkin Baka, su gaida dagaci, su gabatar da kansu ga 'yan sintiri, su sauke ruwa da gari a zauren mai unguwa a idon jama'a. Kullum da yamma wani yaro ya kai musu abin da za su ci a babur zuwa bakin daji, a kuma ƙirga su a tabbatar yawan da suka shiga shi ne ya fito.