Kafin Ka Sayi Wayar Gwanjo, San Kullen Da Ke Kanta

Daga Sifawa zuwa Boɗinga da Shagari, matashi kan tara kuɗin albasa ko na acaɓa ya sayi babbar waya ta gwanjo, ya sa layi ta ƙi ɗauka. Sai ya nufi mai gyara a Sakkwato: "Maigida, a cire mini kulle." Alhali kulle iri-iri ne, kuma ba kowanne ke ciruwa ba.

Akwai kullen kamfanin layi. A Amurka, kamfanoni irin su AT&T kan sayar da waya a biya kaɗan-kaɗan, su ɗaure ta da layinsu, don haka ba ta karɓar MTN ko Airtel. Wannan yana buɗuwa ta halal, idan an gama biya kamfanin ya sake ta. Amurka ta halatta buɗe shi da doka a 2014, Birtaniya kuwa ta hana sayar da kullalliyar waya daga Disamba 2021.

Akwai kuma na wayar bashi, wanda kan rufe ta da zarar biya ya tsaya. Mai sayen irinta a hannu ya gaji bashin wani.

Mafi haɗari shi ne kullen mai waya. Tun 2013 Apple ta ɗaure iPhone da asusun iCloud, Google ta bi sahu a wayoyin Android a 2015. An yi shi ne don wayar sata ta zama ba ta da amfani, shi ya sa filashin ba ya cire shi. Ana yi wa wasu dabara su buɗe, amma sau da yawa kullen kan dawo bayan sabunta manhaja. Kuma kowace waya na da lambarta ta IMEI mai alƙaluma 15. Tunda an haɗa layuka da NIN daga ƙarshen 2020, in wayar ta sata ce, sunan wanda layinsa ke ciki jami'an tsaro za su fara gani.

Saboda haka kada ka miƙa kuɗi sai ka sa layinka ka yi kira. Danna *#06# ka gwada lambar IMEI da ta jikin kwali. Mai sayarwa ya fitar da asusunsa, ya goge wayar a gabanka, ya ba ka rasit. In ya ce "ai ƙaramin aiki ne, mai gyara zai cire", tambaye shi me ya hana shi cirewa kafin ya kawo ta kasuwa. Araha ba ta ado.