Gubar Dalma: Me Ya Sa Samun Magani Ke da Wuya?

A shekarar 2010 yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma, sanadiyyar gubar dalma. Masu haƙar zinare kan kawo duwatsu masu ɗauke da dalma gida, a daka a turmi, a niƙa, ƙurar ta kwanta a tsakar gida inda yaro ke rarrafe yana kai hannu baki.

Wahalar farko ita ce gane cutar. Yaro ya yi ta amai, jiki ya saki, sai jijjiga ta biyo baya. Nan sai a ce zazzaɓin cizon sauro ne, ko sanƙarau, ko iska. Gwajin jini ne kaɗai ke tabbatar da ita, ga shi ba kasafai asibitin karkara ke da na'urar ba.

Akwai magani, kamar succimer, mai kama dalmar ya fitar da ita ta fitsari. Sai dai in yaro ya koma gurɓataccen gida, an yi aikin baban giwa. Shi ya sa likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka jira har aka kwashe gurɓatacciyar ƙasar garin Bagega na Zamfara a 2013 kafin su fara ba yaran garin magani. Ɓarnar da ta riga ta taɓa ƙwaƙwalwa kuwa, magani ba ya gyara ta.

Don haka in an kai yaro asibiti, a faɗa wa likita sana'ar gidan, a nemi gwajin dalma. Daka dutse kuma a bar shi can wurin haƙa.