Gagarawa da Layin Dogo: Aikin Raya Ƙasa a Zamanin En'e

Duk wanda ya duba jerin mazaɓun ƙaramar hukumar Gagarawa zai tarar da sunan garin sau biyu, Gagarawa Gari da Gagarawa Tasha. Ta biyun layin dogo ne ya haife ta. A 1930 Turawa suka kammala reshen da ya tashi daga Kano, ya bi ta Ringim da Taura, ya ratsa Gagarawa, ya wuce Malam Madori da Birniwa, ya tsaya a Nguru, tafiyar kimanin kilomita 230. Jirgin bai shiga Gumel ba, inda sarkin yankin yake, kamar yadda bai shiga Haɗeja ba. Ba don ziyarar fada aka shimfiɗa shi ba. Gyaɗa da fatu da ƙaro ake nema, a kwashe su zuwa Kano, daga can su gangara Legas a loda su a jirgin ruwa. Wanda yake son fahimtar abin da Turawa suka kira gyaran mulki da kyautata rayuwar jama'a a wannan yanki, to, daga wannan tasha ya kamata ya fara.

Ƙasar da suka tarar a gajiye take. Masarautar Gumel ta Mangawa ce, ta kafu wajen 1750, kuma Barno take bi, ba ta taɓa shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba. Wannan matsayi ya jawo mata yaƙi da Haɗeja shekara da shekaru, ga kuma Damagaram daga arewa tana kawo hari tana kwasar bayi. Da Kano ta faɗi a watan Fabrairun 1903, Sarkin Gumel Ahmadu ya karɓi Turawa ba tare da an gwabza ba, aka bar shi a kan gadonsa. Daga baya aka haɗa Gumel da Haɗeja da Kazaure a yankin arewa na Lardin Kano. Tsakanin 1906 da 1908 ne wakilan Ingila da Faransa, Manjo O'Shee da Kyaftin Tilho, suka bi daji suna kafa alamun iyaka. Tumbi, tsohuwar hedikwatar sarakunan Gumel, ta faɗa hannun Faransa, Maigatari kuma ta wayi gari a bakin iyaka.

Gyaran farko da aka yi na kuɗi ne. Aka dunƙule tsoffin kuɗaɗen da ake biya, aka mai da su haraji a kan magidanta da jangali a kan shanu, aka kuma daina karɓar wuri da hatsi, sai sule da kwabo. Hakimai suka bar zaman fada, kowa ya koma gundumarsa da malamin harajinsa, dagatai da bulamai suna ƙidaya kawuna. Wajen 1911 tsarin baitulmali, wanda Razdan Palmer ya fara gwadawa a Katsina, ya game masarautun Arewa. Abin da aka tara sai a raba, gwamnati ta ɗauki rabi, En'e ta riƙe rabi, ko da yake daga baya an ƙara wa manyan baitulmali kasonsu. Sarki da alƙali da ma'aji da dogarai duk suka koma cin albashi. A rubuta kasafi kowace shekara, Di'o ya duba, Razdan ya sa hannu.

A yi wa tsarin adalci. Ya rage kwasar ganima da sunan sarauta, ya sa akwai littafin da za a buɗe a ga nawa ya shigo, nawa ya fita, kuma ma'ajin da lissafinsa ya ƙi daidaita yana iya kwana a gidan yari. Hare-haren Damagaram sun tsaya, manomi ya iya yin gona nesa da ganuwa. Mutane da yawa ma daga ɓangaren Faransa sun riƙa tsallakowa da iyalansu, suna gudun aikin tilas da nauyin harajin can.

Sai dai a cikin tsarin akwai wata ƙa'ida da ta yanke wa ƙananan masarautu hukunci tun kafin a fara. Ingila ba ta zo da niyyar kashe kuɗinta ba, manufarta kowace ƙasa ta ɗauki nauyin kanta. Ma'ana, makaranta da ɗakin shan magani da rijiya da hanyar mota, duk daga baitulmalin En'e za su fito, bayan an cire albashin sarki da hakimai da 'yan doka. Iya kuɗinka, iya shagalinka. En'e ta Kano, mai harajin miliyoyin mutane, ta gina asibitin birni, ta kuma biya aikin ruwan famfo da lantarki na Challawa da aka buɗe a 1931. Gumel ƙasa ce ƙarama, mai yashi, mai ƙarancin jama'a, in an gama biyan albashi abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Ba wai sarakunan Gumel sun fi na Kano rowa ba ne. Asusun ne ba ɗaya ba, kuma babu wata doka da ta ce mai yawa ya tallafa wa mai kaɗan.

In aka bi layin dogon har ƙarshensa a bakin teku, bambancin ya fi fitowa. Legas ta ga wutar lantarki tun kafin 1900, ta sami ruwan famfo daga Iju a 1915, ta sami majalisar gari a 1917. Da annoba ta ɓarke a birnin a 1924, ba a yi shekara biyar ba aka kafa hukuma ta musamman don rushe unguwannin da suka cushe da sake tsara gari. Dalili a fili yake. Can ne Turawa da kamfanoninsu suke zaune, kuma annoba a tashar jiragen ruwa tana iya tsayar da ciniki gaba ɗaya. Sanƙarau kuwa, da yake zagayo ƙauyukan Arewa da rani yana ɗibar yara, bai taɓa hana buhun gyaɗa isa Apapa ba.

Abin takaici, jirgi ya iso Gagarawa ne daidai lokacin da kasuwar duniya ta karye. Bayan 1929 farashin gyaɗa ya faɗi warwas, haraji kuwa bai sauka daidai da shi ba. Manomi ya ɗoro buhunansa a jaki ko raƙumi, ya kwana a hanya, ya zo gaban sikeli ya tarar da ɗan baranda da akawun kanti suna jiransa, abin da zai karɓa kuma rabinsa na mai unguwa ne. Duk da haka tasha ta ja mutane. Inda ake awo, nan mai tuwo take kafa tukunya, nan ɗan dako da maƙeri da mai gidan baƙi suke taruwa. Haka Malam Madori ta tashi daga ƙauye ta zama gari, haka Nguru ta bunƙasa.

In akwai aikin da ya taɓa talakan ƙasar Gumel kai tsaye, to rijiya ce. Babu babban kogi a masarautar, ruwa yana can ƙasa da nisa, kuma rijiyar gargajiya a cikin yashi ba ta daɗewa sai ta rufta, wani lokaci da mahaƙinta. Daga wajen 1930 ma'aikatar binciken ƙasa ta fara haƙa rijiyoyin kankare a lardunan Arewa, En'e tana biya. Ana saukar da zoben siminti ana bin haƙa har a cim ma ruwa, a ɗaga bakin don kada ƙazanta ta koma ciki. Fasahar ba ta da wuya, amma ta sauya inda mutum zai iya zama. Ƙauyen da a da yake watsewa da rani ya sami dalilin tsayawa, makiyayi ya sami mashaya, kurkunu ya ragu a inda aka bar shan ruwan kududdufi. A ganina wannan ya fi duk wani ginin bariki amfani, kuma da an fara shi shekara ashirin kafin nan, da yunwar Kakalaba ta 1914 ba ta tarar da mutane ba hatsi ba ruwa ba.

Kiwon lafiya ya tafi ne a kan ɗakin shan magani da malami ɗaya, da masu lamba da ke yawo saboda agana, da duba-gari, wanda matan gida suka fi tsoron tararsa fiye da sauron da yake nema a randa. Shanu sun fi samun kulawa. An kafa cibiyar binciken dabbobi a Vom a 1924, aka riƙa yi wa garkuna rigakafin bushiya, kuma ba sai an yi dogon tunani ba, saniyar da ta mutu ba ta biyan jangali. Ilmin boko shi ne ya fi tafiyar hawainiya. 'Yan makarantun elementare ne, yawanci 'ya'yan masu sarauta da barorinsu, wanda ya yi fice a tura shi Midil, ƙalilan su kai Kwalejin Katsina. Malaman da En'e take buƙata ake horarwa, ba a nufi ilmantar da jama'a ba.

Sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a farkon sarautar Maina Muhammad Sani wanda ya gaji Muhammadu Nakota a 1944, Ingila ta fara sako kuɗinta da gaske. Shirin raya ƙasa na shekara goma da aka fara a 1946 ya ware wa Nijeriya duka fam miliyan 55, ruwan karkara yana cikin abin da aka ba muhimmanci. A watan Agustan 1950 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a majalisar Kaduna ya nemi a yi wa mulkin En'e garambawul, a watan ne kuma aka kafa NEPU a Kano. Dokar En'e ta 1954 ta biyo baya, aka kafa majalisun gunduma da na ƙauye, aka buɗe azuzuwan Yaƙi da Jahilci. Shekara shida bayan dokar Turawa suka tafi.

Sauran labarin sananne ne. An raba En'e da 'yan doka da kotuna a zamanin Gowon, gyaran 1976 ya kawo ƙananan hukumomi, aka ƙirƙiri Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991. Fari da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 sun rushe cinikin da aka gina tasha dominsa. Yau riɗi da zoɓo ne suke fita, a manyan motoci, kuma kasuwar Alhamis ta Maigatari ta fi kowace tasha cika.

Abin da ya juye shi ne hanyar kuɗi. A da daga aljihun talaka suke hawa sama, shi ya sa ya san abin da ya biya ko da bai isa ya tambaya ba. Yanzu daga Abuja suke saukowa, kuma ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Gagarawa da Gumel da Maigatari da Sule Tankarkar ba su dogara da yawan kawunan da bulama ya ƙidaya ba, uzurin ƙaramin baitulmali ya ragu ƙwarai. En'e, duk da zaluncin da aka san ta da shi, tana rubuta kasafinta a duba shi kwabo-kwabo, sai dai Bature take nuna wa. Shugabannin ƙananan hukumomin nan huɗu su rubuta nasu da Hausa, su manna a ƙofar sakatariya da bakin kasuwa, mai jefa ƙuri'a ya karanta ya ga rijiya nawa aka ce an haƙa a mazaɓarsa.