Ƙwarya Ta Bi Ƙwarya: Sanya Manhajar da Aka Shirya Domin Wani Nau'in Linux

Sau da yawa ɗalibi kan samo wata manhaja mai amfani, sunan fayil ɗinta ya ƙare da .rpm, ya je ya sanya ta a kwamfutar makaranta mai aiki da Ubuntu, sai na'urar ta ƙi karɓa. Mene ne dalili, alhali kuwa duka Linux ne?

Da farko dai, ya kamata mai karatu ya san cewa abin da Linus Torvalds ya fitar a shekarar 1991, yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki, zuciyar tsarin ce kawai. Daga baya ƙungiyoyi daban-daban suka haɗa ta da sauran manhajoji, kowace da nata tsarin. Debian, wadda Ian Murdock ya kafa a 1993, tana ƙunshe manhajojinta a sigar .deb, kuma Ubuntu da ta fito a 2004 ta gaji wannan siga. Su kuwa Fedora da Red Hat, da .rpm suke aiki.

Kowane ƙunshi yana ɗauke da abubuwa uku: fayilolin manhajar, da umarnin yadda za a girka ta, da jerin ƙananan manhajojin da take dogara da su. A nan gizo ke saƙa. Alal misali, abin da Debian ke kira libssl-dev, a Fedora sunansa openssl-devel. Haka nan manhajar da aka gina bisa sabon zubin glibc, wadda kusan kowace manhaja ke jingina da ita, takan ƙi tashi a kwamfuta mai tsohon zubi.

Akwai wata manhaja mai suna alien da ke juya .rpm zuwa .deb. Sai dai mazubi kurum take sauyawa, abin da ke ciki yana nan yadda yake. Idan kuwa aka tilasta wa na'ura karɓar baƙon ƙunshi, yana iya danne fayilolin da wasu manhajoji ke amfani da su, har kwamfutar ta rikice. Bugu da ƙari, gyare-gyaren tsaro da ake aikowa a kai a kai ba za su shafe shi ba.

Saboda haka, a fara duba rumbun manhajojin nau'in da ake amfani da shi. In ba a samu ba, a nemi sigar Flatpak ko Snap ko AppImage, waɗanda aka tsara su yi aiki a nau'o'i da dama, ko da yake sun fi cin wuri. Juya ƙunshi ya zama dabara ta ƙarshe, kuma malami ya gwada a kwamfuta ɗaya tukuna. Hausawa dai sun ce ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi sai ta fashe.