Dokar Bindiga a Najeriya: Wa Take Kamawa?

A ƙarshen watan Yunin 2022, gwamnatin Bello Matawalle ta jihar Zamfara ta fitar da wata sanarwa da ta fi tayar da hankalin Abuja bisa na ɓarayin dajin Zamfara. Cewa ta yi duk ɗan jihar da ya cancanta ya nemi lasisin riƙe bindiga don ya kare kansa, kuma za a kai fom 500 ga kowace ɗaya daga cikin masarautu 19 na jihar. Tun tawadar ba ta bushe ba kwamishinan 'yan sandan jihar ya ce an daɗe da dakatar da ba da lasisi, kuma dakatarwar tana nan daram. Babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ƙara da cewa gwamna ba shi da hurumin ba da irin wannan umarni. A shari'ance dukansu biyun gaskiya suka faɗa, domin makamai da harsasai na cikin abubuwan da tsarin mulkin 1999 ya keɓe wa gwamnatin tarayya ita kaɗai. Sai dai mutumin Ɗansadau ko Shinkafi da ya saurari maganganun nan uku a rediyo, ya kwanta a daren nan bai san ko ajiye bindiga biyayya ce ga gwamna ko laifi ne ga ƙasa ba.

Matawalle ba shi ya fara ba. A 2018 Janar T.Y. Ɗanjuma ya tsaya a Jalingo ya ce wa jama'a su tashi su kare kansu. A 2021, bayan sace ɗaliban Kagara, ministan tsaro Bashir Magashi ya yi wa mutane faɗan tsoro da gudu. A shekarar dai gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya shawarci Katsinawa su nemi makami. Manya na ta cewa "ku kare kanku", amma har yau babu wanda ya koma ya gyara dokar da za ta ɗaure wanda ya ji maganarsu.

Dokar kuwa tsohuwa ce, ta 1959, ta girmi 'yancin kan ƙasar da shekara guda. Ta raba bindigogi gida uku. Gidan farko na makaman da aka haramta ne: bindigar soja, mai jigida, fistol, gurneti da danginsu, waɗanda ba mai riƙe su sai da izinin shugaban ƙasa, kuma wanda aka kama da su ɗaurinsa ba ya gaza shekara 10. Gida na biyu na bindigogin farauta ne, irin su mai baki ɗaya da mai baki biyu, lasisinsu na hannun sufeto janar na 'yan sanda, ɗaurin rashinsa yana iya kaiwa shekara 5. Na uku shi ne na bindigar toka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, ita ce ta maharbin ƙauye, sha'aninta kuma na hannun kwamishinan 'yan sandan jiha. Har ƙera bindiga ko gyara ta ba da izini ba laifi ne mai nauyi, wato maƙerin da ya sauya wa maharbi kunama ya shiga sahun masu laifi. Sannan a 1984 gwamnatin soja ta ƙaro dokar fashi da makami, wadda ta yanka wa mai bindiga ba bisa ƙa'ida ba tarar naira 20,000 ko ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko duka biyun. A yau kuɗin nan ba wani abin kirki ba ne, amma shekara goma tana nan shekara goma. Wanne daga ciki mutum zai samu, wannan ya danganta da waye shi da kuma wa ya tsaya masa.

Rabon nan na gida uku yana da asali. A 1890 ƙasashen Turai suka rattaba hannu kan wata yarjejeniya a birnin Brussels, da sunan yaƙi da cinikin bayi, wadda ta taƙaita sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani a mafi yawan nahiyar, ta bar musu ta toka da albarushin kasuwa. Shekara 13 bayan haka, a 1903, aka ga amfanin tsarin a ganuwar Kano da filin Giginya da Burmi, inda mahaya dawaki da masu kwari da baka suka fuskanci bindigar Maxim. Dokar da Najeriya ta gada an gina ta ne a kan tsoron kada talaka ya yi wa hukuma tawaye. Wanda ya tsara ta bai taɓa tunanin ranar da hukuma za ta kasa isa ƙauye, wasu kuma su iso bisa babura ɗari, kowanne da goyon mutum biyu ba.

Duk da haka, da a ce ƙofar lasisi a buɗe take, da da sauƙi. Dokar ta faɗi waɗanda ba za a ba su ba: wanda bai kai shekara 17 ba, mai taɓin hankali, mai raunin gani, mashayi, da wanda aka taɓa ɗaurewa kan tashin hankali cikin shekara biyar da suka wuce. Sharuɗɗa ne na hankali, ba mai ja da su. Matsalar ita ce ƙofar kanta an garƙame ta. A farkon 2018 Sufeto Janar Ibrahim Idris ya ba da wa'adin kwana 21 a miƙa haramtattun bindigogi, har da mai ɗurin famfo da 'yan banga da dama ke riƙewa. A Agustan 2023 shugaban 'yan sanda na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da cewa an tsayar da ba da sabon lasisin ƙananan makamai. To idan doka ta ce sai da takarda, ofishin ba da takardar kuma ya ce ya daina bayarwa, me ya rage? Duk mai neman ya tsare gidansa ya zama mai laifi tun kafin ya harba ko da tsuntsu ne. Laifin nan ba kullum ake kama shi a kai ba. Ajiye masa shi ake yi, sai ranar da aka so.

Nan ne ƙorafin jama'a kan jami'an tsaro ya samo tushe. Doka mai tsanani da ba za a iya zartar da ita kan kowa ba, takan koma zaɓe: wa za a kama, wa za a kawar wa kai. Ɗan sanda ba ya shiga dajin Rugu ko Kuyambana ya tambayi lasisi. Inda yake tambaya shi ne shingen hanya, tashar mota, bakin kasuwa, da gidan da wani maƙiyi ya kai tsegumi. Wanda ake samu a waɗannan wurare shi ne maharbi mai komowa daga daji, da manomin da ya rataya harba-ka-ruga zai je gona, da maƙeri. Daga nan sai caji ofis, sai belin da aka rubuta a bango cewa kyauta ne amma 'yan uwa ke sayar da akuya su biya, wani lokaci kuma sai a jera mutum a ƙasa gaban 'yan jarida da bindigarsa a gabansa, alƙali bai ko ga fuskarsa ba. An bar jaki ana dukan taiki. Ba na cewa duk wanda aka kama da bindigar gida mutumin kirki ne. Akwai maƙeran da ke ƙera wa 'yan fashi, akwai masu fakewa da farauta. Abin da nake cewa shi ne dokar, yadda ake tafiyar da ita, ba ta da hanyar bambance su, don ta ƙi rubuta sunan na kirkin tun farko.

Alƙaluma ma abin da suke nunawa ke nan. Cibiyar Small Arms Survey da ke Geneva ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai bindigogi kimanin miliyan 6 a hannun farar hula a Najeriya, alhali na hannun soja da jami'an tsaro ba su kai 600,000 ba. Dokar da ta shekara kusan 60 tana aiki ta haifar da wannan, ba za a ce ta hana yaɗuwar makami ba. Abin da ya fi ciwo kuma yana cikin rahoton babban mai binciken kuɗi na tarayya na shekarar 2019: bindigogi 178,459 na rundunar 'yan sanda ba a san inda suke ba ya zuwa Disambar 2018, daga ciki 88,078 ƙirar AK-47 ne. A sake karanta lambar. Hukumar da ba ta iya ba da lissafin abin da ke cikin rumbunta ba, ita ce ke gurfanar da tsoho kan bututun ƙarfe da aka ɗaure da fata.

Sai kuma yadda ake yi wa manyan masu laifin. A 2020 gwamnatin Zamfara ta yi tayin shanu biyu ga duk ɗan bindigar da ya miƙa AK-47 ɗaya. Auwalun Daudawa, wanda ya jagoranci sace ɗaliban Ƙanƙara sama da 300 a Disambar 2020, an karɓe shi a Gusau a Fabrairun 2021 a matsayin tubabbe, ya miƙa makamai, bai daɗe ba ya koma daji inda aka kashe shi. A tarukan sulhu da aka riƙa yi a wasu ƙananan hukumomin Katsina, jama'a sun ga 'yan bindiga zaune da makamansu a kafaɗa, harsasai a ɗamara, jami'ai na gefe. Ana iya kare sulhu da hujjar cewa rai ya fi komai, kuma hujja ce mai nauyi. Amma yaron da ya ga wannan, ya kuma ga an tafi da kawunsa a bayan mota kan bindigar toka, ya gama karatun dokar ƙasarsa: girman bindigarka shi ne girman mutuncinka.

Rashin rajista ba a ɗauri kaɗai yake tsayawa ba, har rai yana ci. A Janairun 2025 jirgin yaƙi ya yi ruwan wuta a Tungar Kara ta jihar Zamfara, rahotanni suka ce mutum aƙalla 16 sun mutu, cikinsu da 'yan sa-kai da suka fito bin sawun ɓarayi. Daga sama, mai bindiga bisa babur duk ɗaya ne. A watan Maris na shekarar, a Uromi ta jihar Edo, 'yan banga suka tare motar da ta ɗauko mafarauta masu komawa Kano yin Sallah, aka ga bindigogin toka, aka yi musu ihun masu garkuwa da mutane, gungun jama'a suka kashe 16. Waɗanda suka tare su ba 'yan sanda ba ne, kuma babu wata takarda da ke wanke mai kisan gilla. Amma a ƙasar da babu wata shaida guda da kowa ya sani ya kuma yarda da ita, wadda maharbi zai nuna daga Uromi har Kano, bindigarsa kaɗai ta isa ta zama hukuncinsa a hannun duk wanda ya fi shi yawa.

Akwai masu ganin maganin shi ne a saki makami ga kowa, suna kafa hujja da Amurka. Ban yarda ba. Amurka kanta tana binne mutum sama da 40,000 a shekara sanadin bindiga, fiye da rabinsu waɗanda suka kashe kansu ne, ga ta kuwa da kotuna da 'yan sandan da ke zuwa idan an kira. Mu ma muna da namu darasin a gida. Rikicin Zamfara bai kai inda ya kai ba sai da 'yan sa-kai suka fara kama Fulani a kasuwanni suna yanke musu hukunci nan take, mai laifi da marar laifi, ramuwar gayya kuma ta biyo baya, kamar kisan 'Yargaladima na Afrilun 2014. A Oktoban 2021 an kashe mutane a kasuwar Mamande ta Gwadabawa a jihar Sakkwato, kwanaki kaɗan bayan haka aka afka wa kasuwar Goronyo, rayuka sama da 40 suka salwanta. Bindigar da ba ta da rajista ba ta da mai tsawata mata, ko a hannun wa take. Bafulatanin da ba ruwansa da sata shi ma talaka ne, kuma shi ne ya fi kowa shan zargi a shingen hanya.

Saboda haka abin nema shi ne a buɗe ƙofar halal, a kuma tsare ta da kyau. Tsarin mulki a sashe na 33 ya amince da kare rai da dukiya, kundin Penal Code na Arewa ma ya tanadi haƙƙin kare kai. Abin da babu shi ne hanya mai sauƙi da mutumin ƙauye zai bi. Bindigar toka da ta farauta ana iya yi musu rajista a hedikwatar ƙaramar hukuma, a buga wa kowacce lamba, mai unguwa da Sarkin Baka su tsaya wa mai ita, a sabunta duk shekara, a ƙwace daga wanda ya saɓa. Maƙera ma a ba su izini a san su, maimakon a kore su zuwa ƙira a ɓoye inda mai sayen dare ne kaɗai ke zuwa. Jihohi sun fara lalubo wani abu mai kama da haka: Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma a Oktoban 2023, Zamfara ta ƙaddamar da Askarawa sama da 2,000 a Janairun 2024. Aƙalla waɗannan suna da suna a littafi da shugaban da za a tuhuma idan sun yi ɓarna, ko da yake makaman da doka ta yarje musu ba sa kusantar na waɗanda suke fuskanta.

Makaman yaƙi kuwa su ci gaba da zama haramtattu, a tsananta ma. Amma tsanantawar ta fara daga inda suke fitowa: iyakokin da kaya ke kwararowa tun bayan rushewar Libiya a 2011, tashoshin jiragen ruwa irin na Legas inda kwastan suka kama dubban bindigogi cikin kwantenoni a 2017, da rumbunan gwamnati. Cibiyar kula da ƙananan makamai da aka kafa a 2021 ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro tana yawan gayyatar 'yan jarida su ga ana ƙona bindigogin da aka ƙwato. Aikin da ya fi wannan gaggawa shi ne ta wallafa lambobin AK-47 ɗin nan 88,078, ta faɗi ofishin da kowacce ta ɓata, da sunan jami'in da ya sa hannu ya karɓe ta.